Binciken koyar da lissafi a makaranta: jigoginsa, mujallunsa, da gurbin harshe a cikinsa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin sawun binciken da ake yi a kan koyar da lissafi a firamare, kwaleji da lise. Muna nuna cewa jigogin da fagen ya ɗauka sun bi ƙasashen da manyan mujallu suke, da harshen da ake buga su da shi. Saboda haka matsalar yaron da ke ƙidaya da Hausa, ana koya masa da Faransanci, ba ta samu rabonta ba a cikin rubuce-rubucen da masana ke karantawa. A ƙarshe mun kawo misalai shida na abin da ke jiran bincike.

0. Gabatarwa

Sashen nazarin harsuna bai saba magana a kan lissafi ba. Dalilai biyu suka sa muka shiga wannan gona. Na farko, kundin da ake kira Charte de la Refondation, wanda aka zartar a watan Maris na 2025, ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk sa'ad da aka zo fassara wannan matsayi cikin aji, lissafi ne darasin da za a fi yin gardama a kansa, domin a nan ne mutane da yawa suke shakkar harsunanmu. Na biyu, ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundi a kai sukan ɗauka cewa lissafi ba ruwan mai nazarin harshe da shi. Muna so mu nuna akasin haka.

Za mu fara da yadda fagen ya kafu (1), da jigogin da ya bi (2), sa'an nan hanyoyin buga sakamako (3), kafin mu zo kan harshe (4 da 5).

1. Yadda fagen ya kafu

A shekara ta 1899 Henri Fehr da Charles-Ange Laisant suka kafa mujallar L'Enseignement Mathématique. A 1908, wajen babban taron masana lissafi na duniya a birnin Roma, aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta koyar da lissafi, Felix Klein na Jamus ya zama shugabanta na farko. Ita ce yau ake kira ICMI, ko CIEM da Faransanci. Aikin wancan zamani bai wuce kwatanta manhajojin ƙasashe ba: me ake koyarwa a Jamus, me ake koyarwa a Faransa, a wane aji.

Abin da ya haifi bincike na sosai shi ne faɗuwar "lissafin zamani". Bayan taron Royaumont na 1959, manyan masana suka nemi a sake gina lissafin makaranta bisa nazarin tari da tsare-tsaren aljabara. A Faransa kwamitin André Lichnerowicz ya fara aiki a 1967, ƙasashen Afirka masu bin manhajar Faransa kuwa suka karɓi gyaran kamar yadda ya zo. A ɓangaren masu Ingilishi, tun 1962 ake taruwa a Entebbe ta Yuganda, da tallafin Amurka, ana rubuta littattafai bisa wannan ra'ayi. Gyaran bai yi ƙarko ba. Iyaye sun kasa taimakon ƴaƴansu, malamai ba su samu horo ba, har gwamnatin Nijeriya ta soke shi a makarantunta a 1977.

Darasin da aka ɗauka shi ne: sanin lissafi daban, sanin yadda yaro yake koyonsa daban. Cikin shekara goma sha biyu fagen ya samu kayan aikinsa. Hans Freudenthal na Holand ya kafa Educational Studies in Mathematics a 1968. A 1969 aka yi taron ICME na farko a Liyon, aka buɗe cibiyoyin IREM uku na farko a Faransa, aka kuma fara buga ZDM a Jamus. Journal for Research in Mathematics Education ta fito a Amurka a 1970. A 1980 aka samu Recherches en didactique des mathématiques a Faransa, da For the Learning of Mathematics a Kanada. Jami'ar Yamai ma ta samu nata IREM. Amma mai karatu ya lura: dukan waɗannan mujallu a Turai ko Amurka ta Arewa aka haife su.

2. Jigogin bincike

Ana iya kasa tafiyar fagen kashi biyar. Ba wai kowane kashi ya kashe na gabansa ba ne. Ƙaruwa ake yi.

2.1. Tunanin yaro. Bisa sawun Jean Piaget, masu bincike suka daina ɗaukar kuskuren yaro a matsayin sakaci, suka fara karanta shi a matsayin alamar wata ƙa'ida da yaron ya gina wa kansa. Gérard Vergnaud ya nuna cewa tambayoyi biyu masu buƙatar lissafi guda, alal misali 8 a ɗebe 3, suna iya bambanta ƙwarai wajen wuya, gwargwadon ko labarin ƙaruwa da raguwa ne, ko na kwatanta abu biyu.

2.2. Aji. Guy Brousseau ya yi shekaru, daga 1973 zuwa 1999, yana lura da darussa a wata makaranta ta musamman a Talence, kusa da Bordo. Daga nan ya fito da ra'ayin "yarjejeniyar aji", watau abin da malami da ɗalibi suke jira daga juna ba tare da an furta ba. Gwajin da IREM na Grenoble ya yi wajen 1980 ya bayyana ta sarai. An gaya wa yara cewa cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, aka tambaye su shekarun matuƙin jirgin. Yara 76 cikin 97 suka haɗa lambobin suka ba da amsa. Ba wauta ba ce: sun saba cewa duk tambayar da malami ya yi tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da ya bayar. A 1985 Yves Chevallard ya ƙara da nazarin yadda ilimin masana yake sauya kama kafin ya zama ilimin aji.

2.3. Al'ada da zaman jama'a. A nan ne Afirka ta fara shigowa. John Gay da Michael Cole sun buga nazarinsu a kan Kpelle na Laberiya a 1967, inda suka ga manya da ba su yi makaranta ba sun ƙware wajen ƙiyasta awon shinkafa. Claudia Zaslavsky ta buga Africa Counts a 1973. A 1985 Carraher, Carraher da Schliemann suka nuna cewa yara ƴan talla a Recife ta Burazil suna warware lissafi da ka wajen ciniki, su kasa warware shi idan an rubuta musu a takarda. Ubiratan D'Ambrosio ya gabatar da nazarin lissafin al'ummu a taron ICME na Adelaide a 1984, Paulus Gerdes kuma ya bunƙasa shi a Mozambik.

2.4. Malami. Bayan maƙalar Lee Shulman ta 1986, hankali ya koma kan irin sanin da malami yake buƙata, wanda ya wuce iya warware tambaya: sanin dalilin da ya sa yaro ya kuskure, da misalin da zai warware masa. Deborah Ball da abokan aikinta sun tsara wannan sani kashi-kashi a 2008.

2.5. Awo da na'ura. TIMSS ya fara a 1995, PISA a 2000, PASEC na ƙasashe masu Faransanci kuwa tun 1991 aka kafa shi. A gefe guda, kayan kwamfuta irin su Cabri da GeoGebra sun buɗe wani babban reshe na bincike, wanda azuzuwa marasa wutar lantarki ba su da wuri a cikinsa.

3. Ina ake bugawa, da wane harshe

Muna iya cewa kasuwa uku ce take ci a wannan fage, kuma ba kowane kaya ne yake ƙetarawa daga wata zuwa wata ba.

Kasuwa ta farko ita ce ta mujallun Ingilishi da ke cikin manyan rajistoci, watau Scopus da Web of Science. Abin da bai shiga nan ba, kusan kamar ba a rubuta shi ba ne ga mai binciken da ke Landan ko Tokiyo. Ko Faransawa sun ɗanɗana wannan: ayyukan Brousseau na tun 1970 sai a 1997 aka tara su cikin littafi da Ingilishi. Jill Adler da abokan aikinta huɗu, cikin bitar da suka gabatar a taron ICME na Kopenhagen a 2004, suka buga a 2005, sun ga cewa yawancin binciken horon malaman lissafi ƙananan nazarce-nazarce ne daga ƙasashe masu Ingilishi. Ga kuma batun kuɗi. Idan marubuci yana son kowa ya karanta maƙalarsa kyauta, wasu mujallu suna neman dubban yuro daga gare shi. Idan bai biya ba, mai karatu ne zai biya, ko ɗakin karatun jami'arsa. Cikin wannan tsaga ne mujallun bogi suka shigo, masu karɓar kuɗi su buga kome cikin ƴan kwanaki ba tare da alƙalai sun duba ba.

Kasuwa ta biyu ta masu Faransanci ce. Taron Espace Mathématique Francophone ya fara a Grenoble a 2000, ya sauka a Tozeur ta Tunisiya a 2003, a Dakar a 2009, a Aljas a 2015, a Kwatano a 2022. ICMI ta fara shirinta na ƙarfafa masu horon malamai a Bamako a 2011, ƙungiyar ADiMA ta masu binciken koyar da lissafi na Afirka kuma ta yi taronta na farko a Yawunde a 2016. Ci gaba ne na gaske. Sai dai yawancin abin da ake gabatarwa yana tsayawa cikin kundin taro, kuma sau da yawa ana ɗauko ra'ayoyin da aka gina a Talence, inda malami da ɗalibi harshensu ɗaya, a ɗora su a kan aji mai harshe biyu ko uku ba tare da an gyara musu zama ba.

Kasuwa ta uku ba kasuwa ba ce, rumbu ne: kundayen ɗaliban makarantun horon malamai, rahotannin INDRAP, ƙananan littattafan IREM, rahotannin da ake rubuta wa masu ba da tallafi. A nan ne mafi yawan abin da aka gani da ido cikin azuzuwan Nijar yake kwance. An buga shi kofe kaɗan, ba ya cikin kowace rajista, wani ma gara ta riga mai karatu.

Tsarin ƙarin girma yana ƙara wa matsalar nauyi. CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, tana auna malamin jami'a da maƙalun da ya buga cikin mujallu masu alƙalai, a cikin fannin da aka san shi da shi. Aikin da ya faɗa tsakanin nazarin harshe da lissafi yana iya rasa mai shi: masu lissafi su ce harshe ne, masu harshe su ce lissafi ne. Matashin malami da ya san haka yakan kauce masa, kuma ba a ga laifinsa ba.

4. Tambayar harshe

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma a Afirka aka fara ɗora ta a kan tebur. A 1974 UNESCO, tare da ICMI, ta tara masana harshe da masu koyar da lissafi a Nairobi. A wannan taro ne M. A. K. Halliday ya yi bayanin abin da za mu kira salon maganar lissafi: ba jerin kalmomi kaɗai ba ne, har da hanyoyin gina jimla, da kafa hujja, da ba kalmar yau da kullum sabuwar ma'ana. A ganinsa kowane harshe yana iya gina wannan salo, muddin an yi aiki da shi a wannan fage.

Wanda ya fi cin gajiyar wannan ra'ayi shi ne Afirka ta Kudu. Littafin Adler na 2001 ya bayyana tsaka-mai-wuyar malamin da ke gaban aji mai harsuna da yawa: ya juya zuwa harshen gida don yara su fahimta, ko ya tsaya kan harshen jarrabawa don su saba? Mamokgethi Setati ta ƙara da cewa zaɓin ba na fahimta kaɗai ba ne, domin iyaye da yara sun san harshen da ke ba da aiki. ICMI ta keɓe nazarinta na 21 ga wannan jigo, aka buga shi a 2016.

To, ina Nijar? Ta fara makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram a 1973, shekara guda kafin taron Nairobi. Daga baya gwajin ya haɗa harsuna biyar: Hausa, Zarma, Fulfulde, Tamajak da Kanuri. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Watau an yi fiye da shekara hamsin ana koyar da lissafi da Hausa a wasu azuzuwa. Ƙasashe kaɗan ne suke da irin wannan dogon gwaji. Amma abin da aka fi ambato daga auna makarantun da aka yi a farkon shekarun 2000 shi ne sakamakon karatu da rubutu. Yadda malamin Damagaram ya faɗi "a riƙe ɗaya" da Hausa, da abin da yaro ya ji, bai shiga muhawarar duniya ba.

Rashin wannan shaida yana da tsada. A awon PASEC na 2014, yaran Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 sun haura ɗaya cikin biyar. Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi, ita ce ta yi fice a azuzuwan farko a 2014. Irin wannan awo yana nuna inda ciwo yake, ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Idan babu nazarin cikin aji, siyasa takan yi ta lilo. Nijeriya, ƙasar da Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife na koyarwa da Yarbanci tun 1970, ta ɗauki manufar koyarwa da harshen uwa a dukan firamare a 2022, ta soke ta a watan Nuwamba na 2025.

5. Abin da ke jiran bincike a Hausa

(1) Sunayen lambobi. A 71 Hausa tana cewa saba'in da ɗaya, watau 70 da 1; Faransanci yana cewa soixante et onze, watau 60 da 11. A 91 Faransanci yana bi ta 4 sau 20 da 11. Nazarin Irene Miura tun 1987 ya nuna cewa sunan da ke bayyana goma-goma yana da alaƙa da fahimtar gurbin lamba. Amma kada mu yi saurin yabon kai: ashirin, talatin, arba'in aro ne daga Larabci, kuma yaro ba ya jin biyu cikin ashirin. Tsohuwar ƙidaya ta gomiya biyu, gomiya uku ita ce take bayyana ginin. Ko za ta taimaka a ajin farko? Abin gwadawa ne. Haka ma ashirin ba ɗaya, watau 19, wadda ke ɗauke da ɗebewa a cikinta.

(2) Kuɗi. A kasuwar Maraɗi ko Tawa da dala ake ƙidaya, dala guda kuwa tamma 5 ce. Ashirin tana nufin 100 F, ɗari tana nufin 500 F, jikka 1.000 F. Littafi ya ce a haɗa 250 F da 125 F. Yaron da ya saba talla zai ce dala hamsin da dala ashirin da biyar, saba'in da biyar ke nan. Idan ya rubuta 75 maimakon 375, malami zai ja masa jan biro, alhali ya raba da biyar har sau biyu, ya kuma haɗa daidai. Wannan shi ne abin da aka gani a Recife, da ƙarin matsalar ma'auni biyu.

(3) Kwatantawa. "Habu yana da goro takwas, ya fi Sani da uku, goro nawa Sani yake da shi?" Da Faransanci, kalmar plus da ke cikin de plus que takan ja yaro ya haɗa, ya ce 11. Hausa tana amfani da aikatau fi, wanda ke nuna sarai wanda ya fi da wanda aka fi. Ko kuskuren yana raguwa idan an yi tambayar da Hausa? Rabe-raben Vergnaud suna jiran wannan gwaji.

(4) Ninkawa. "A ba yara huɗu dabino uku-uku": maimaita lamba ya riga ya faɗi rabon daidai-wa-daida, wanda shi ne tushen ninkawa da rabawa. Sa'an nan uku sau huɗu tana nufin 3 + 3 + 3 + 3, amma trois fois quatre tana nufin 4 + 4 + 4. Amsa ɗaya ce, hoto biyu ne. Mai fassara littafi kalma da kalma zai sa zane ya saɓa wa jimla.

(5) Ɓangarori. Muna da jeri biyu: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri, waɗanda, ban da rabi, suka shigo daga Larabci, malaman rabon gado da zakka kuma suka raya su, da kuma kashi biyu cikin uku. Na farko gajere ne amma ba ya wuce goma. Na biyu dogo ne amma ba ya ƙarewa. Wannan gado na malamai tsoho ne: Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hatimai masu jimla ɗaya ta kowane gefe.

(6) Rubutu. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali. Tara ta lamba 9 da tara ta haɗawa iri ɗaya ake rubuta su, har a samu "tara tara da uku". A baki ba a ruɗewa, a allo ana ruɗewa. Zaɓin haɗa maimakon tara ƙaramin abu ne, amma sai wanda ya zauna cikin aji zai san muhimmancinsa.

6. Kammalawa

Babu ɗaya cikin waɗannan misalai da yake buƙatar kayan aiki masu tsada. Ana buƙatar na'urar ɗaukar murya, izinin hukumar makaranta da na iyaye, da haƙurin rubuta abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe shi, da Hausarsa da Faransancinsa. Muna ba da shawara huɗu. Ta farko, a tara darussan lissafi da aka ɗauka daga Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, domin karin harshe ma yana da abin cewa. Ta biyu, kowane kundi a wannan fage ya samu masu duba biyu, ɗaya daga nazarin harshe, ɗaya daga lissafi. Ta uku, kalmomin da kwamitoci suka ƙirƙira a gwada su a bakin yara kafin a sa su cikin littafi. Ta huɗu, a riƙa buga sakamako sau biyu: cikakke cikin mujalla mai alƙalai, da Faransanci ko Ingilishi, sa'an nan a taƙaice da Hausa domin malaman firamare da masu duba makarantu. Kafin duk wannan, a fara da abin da ke hannu: a lissafa kundayen da ke rumbu, a ɗauki hotonsu, a sa su a intanet inda mai nema zai same su.